Taken da Inna Ta Amsa

Shekarar da aka kewaye Jamus a Garwa, Inna ta daina cin abinci. Ina goyon fari a lokacin. Mijina ya tafi fatauci wajen Yola, hanya ta rufe a bayansa, sai na tattara 'yan komatsaina na koma gidanmu na zauna jiran abin da Allah zai yi.

Babana marini ne, Bakano, ya zo Garwa da ƙuruciyarsa bai sake komawa ba. Hannuwansa shuɗaye ne har gwiwar hannu, ba ya wasa da salla, magana kuwa sai ka ce sayar masa ake yi. Inna ita ce mai bakin gidan. Tana daka tana mita, tana shara tana tsokanar maƙwabta ta kan danga, har Fulanin unguwa su kan ce idan gidanmu ya yi shiru to ta tafi kogi. Duk wanda ya ce bakina ya yi kaifi, ya san inda na gado shi.

Turawan da suka zo yaƙar Jamus sun daɗe a bayan gari ana kallon kallo. Da damina ta kama, sai suka jawo wata babbar igwa suka fara harba ta kan ganuwar barikin Jamus. Ranar da aka fara, Inna tana bakin Binuwai tana wanki. Matan da ke tare da ita sun ce harsashin ya faɗa cikin yashi can gaba da su, bai taɓa kowa ba, ya dai watsa musu ƙasa. Kowa ta gudu tana salati. Inna ta tako a hankali har gida, ba wanki, ba ƙwarya, ba mayafi. Ta shiga ɗaki ta zauna ta fuskanci bango.

Na ɗauka firgita ce, za ta wuce. Na dama kunu na kai mata, ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba. Na ɗora mata jikarta a cinya, yarinyar ta yi ta jan zaninta, hannun Inna bai ɗaga ba. Idonta a buɗe yake, numfashinta lafiya, amma matar ba ta ciki. Ruwa ma sai na matse mata kumatu na ɗiga da ludayi, rabi ya shiga rabi ya bi haɓa. Baba ya karɓo rubutu daga wajen malamai, na Hausawa da na Fulani, aka yi hayaƙi, aka tofa addu'a. Kullum na juya ta don in gyara mata shimfiɗa sai in ji ta ƙara rashin nauyi. Tsoro ya kama ni sosai, na ga uwata za ta mutu a hannuna da ido buɗe.

Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ita ta fara furta abin da kowa ke taunawa. Ta ce wannan ba ciwon rubutu ba ne, ciwon kiɗa ne, a kira mai garaya. A wurinmu idan iska ta danne mutum haka, mai garaya ya kan zauna kusa da kansa ya riƙa kaɗa taken iskoki ɗaya bayan ɗaya. Kowace iska da nata taken. Ana kiɗa ana kallon marar lafiya, inda aka ga yatsa ya motsa ko kafaɗa ta girgiza, an gane mai riƙe da shi ke nan, sai a tsaya a wannan taken har jiki ya saki.

Matsalar biyu ce. Ta farko, Baba ba ya son jin ko sunan bori. Ta biyu ta fi muni: Jamus sun hana kiɗa da busa a garin kaf. Wai sun ji labari muna aika magana da ganga, suna tsoron a faɗa wa na waje inda za su saita igwa. Mai shela da kansa ya zaga unguwanni ba tare da gangarsa ba, yana ta ihu har muryarsa ta dushe, cewa duk gidan da aka ji kiɗa ko busa, maigidan ne zai amsa a bariki. Mun san abin da ake nufi da amsawa a bariki. Mun ga shatin bulala a bayan waɗanda suka amsa, akwai kuma waɗanda ba mu sake ganinsu ba.

Na sami Baba a zaure yana jan carbi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, "Baba, Inna mutuwa za ta yi."

Ya ce, "Rai na Allah ne."

Na ce, "Magani ma na Allah ne. In ba ka kira shi ba, ni zan goya 'yata in je in kira shi, Jamus su kama ni a hanya kowa ya huta."

Ya tsayar da carbin ya dube ni. Sannan ya ce, "Ban ce ki je ba." Ya mayar da kansa ga carbinsa. Wanda ya san Baba ya san izini ya bayar.

Mai garayar unguwarmu wani dogon mutum ne mai cika baki, wanda a da yake cewa ko iskar da ta fi taurin kai in ta ji hannunsa sai ta sauko. Na tarar ya binne garayarsa cikin rumbun gero. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya kama kunnensa biyu.

Ya ce, "Ke 'yar nan, so kike a rataye ni? Ina da iyali!"

Na ce, "Ashe iskokin da kake saukarwa ba su kai kofur ɗin Jamus ɗaya ƙarfi ba."

Ya ji haushi, kuma haushin nake nema. Ya yi ta zagaye rumbun yana huci, daga baya ya zo da dabara. Ya ce zai yi, amma ba zai taɓa tsirkiya ba sai igwa tana tashi. Idan na waje suka fara harbi, na ciki suna mayar musu, ba mai kunnen jin garaya. Da an yi shiru shi ma zai yi shiru.

Haka aka yi. Ya shigo da hantsi, garayar a naɗe cikin tabarma kamar mai talla. Muka toshe ƙofar ɗakin da tsofaffin zannuwa. Ya zauna wajen kan Inna, Gwaggo ta riƙe gora za ta kaɗa masa, ni na zauna wajen ƙafafunta aka ce in zuba ido. Muka zauna jiran igwa. Abin da ya kwantar da uwata, shi muke roƙon Allah ya tashi. Da ta tashi kuwa, ƙasa na zubowa daga jinka, sai ya fara.

Ya yi taken sarkin rafi, tunda a kogi abin ya same ta. Ba motsi. Igwa ta yi shiru, ya dafe tsirkiya da tafin hannu, muka zauna muna jin numfashin juna da kukan kajin maƙwabta. Ta sake tashi, ya yi na kuturu. Ya yi na malamin iskoki, ya yi na 'yar Fulani, ya yi na maharbi. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan ƙoƙon garayar. Ni kuma na ƙura wa yatsun ƙafar Inna ido har suka fara yi mini rawa don kansu, in ce "ga shi!", Gwaggo ta duba ta girgiza kai.

Washegari ya dawo, ya kuma dawo a rana ta uku. A nan ne aka kusa yin ta. Igwa ta ɗauke ba zato yana tsakiyar kiɗa, garayar ta yi amo ita kaɗai cikin shiru kafin ya ankara. Muka ji takun takalma a lungu. Takalmi a garin nan sai soja. Takun ya tsaya daidai dangarmu. Yarinyata ta motsa a bayana za ta yi kuka, na juyo da ita na cusa mata nono. Mai garaya ya kwanta rub da ciki a kan garayarsa. Can takun ya ci gaba.

Da ya tashi zaune, ya share fuska ya ce a kira masa maigida. Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

Mai garaya ya ce, "Malam, na ƙare. Duk wanda na sani na kira, har waɗanda ba a kiran su da rana. Ko mutum bai da iska, in ya tashi cikin kiɗan nan tun yana goye, jikinsa zai amsa ko kaɗan. Matar nan ba ta ji na ko alama. Ina ta sallama ne a ƙofar da ba tata ba. Don Allah, 'yar ina ce?"

Na yi caraf na ce, "Bakatsiniya ce mana, kowa ya sani."

Gwaggo ta ajiye gorar ta dubi ƙanenta. Ta ce, "Ka faɗa, ko ni in faɗa."

Baba ya dafa bango. Ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce Inna ba ta taɓa ganin Katsina ba. Daga duwatsun nan na arewa da gari aka kamo ta tana ƙarama, ko famfara ba ta gama ba, a wani hari da mahaya suka kai wa ƙauyensu da bindigogi. Wata Bahaushiya mai sayar da goro ta saye ta ta raine ta. Shi ya fanshe ta ya aure ta, suka yi alkawari tsakaninsu ba mai sake tayar da zancen, don kada a kira ta baiwa, kada a kira ni 'yar baiwa.

Na dubi matar da ke kwance. Matar da ta koya mini karin magana, wadda take gyara wa Kanawa Hausarsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma san da wa nake fushi ba. Kwana da kwanaki mun sa wuyan Baba a igiya muna kaɗa mata kiɗan da ba nata ba, saboda mu a ganinmu duk wanda ya iya Hausa iskarsa ma Bahaushiya ce.

Akwai wata tsohuwa 'yar dutse da ke kawo mana itace, tana zaune a wata bukka a gefen gari. Shekara da shekaru tana shigowa gidanmu, Inna ba ta taɓa yarda su haɗa ido ba, ni take turawa in karɓi itacen. Sai ranar na gane dalili. Na je na same ta. Hausarta kaɗan ce, da Fulatanci muka yi maganar. Ta biyo ni ba ta tambayi komai ba. Da ta shiga ɗakin ta durƙusa, ta ɗan jawo leɓen Inna na ƙasa, ta nuna mini wani ɗan tabo da Inna ta kan ce ƙaya ce ta soke ta tana yarinya. Tsohuwar ta taɓa nata leɓen, inda huda take a daidai wurin.

Ta ce, "Tun tuni na sani. Ita ma ta san na sani."

Ta ce a wurinsu idan tsoro ya kori kurwar mutum, ba kiɗa ake yi ba, busa ake yi. Akwai 'yar sarewa ta kara da uwaye ke busa wa yara da yamma su dawo gida daga cikin duwatsu, kowane ƙauye da irin busarsa, da ita ake kiran kurwar ta dawo. Ƙauyensu da na Inna suna kallon juna, ta san busarsu. Amma ba a yin ta a ɗaki. Sai an fito da marar lafiya fili an fuskantar da shi dutse. Kuma ba a yin ta cikin hayaniya, don wanda ake kira daga nesa yake, sai an yi shiru zai ji.

Na kira ta uwa da Fulatanci, na ce, "Dada, a fili? Kuma sai igwa ta yi shiru?"

Ta ce, "In kin kira ɗanki cikin tsawa, zai ji ki?"

Garaya muryarta ƙasa-ƙasa ce, zane ma yana danne ta. Sarewa kuwa tsinin murya gare ta, kuma ba abin da ya fi ta kama da alamar da Jamus ke tsoro. Mai garaya da ya ji haka ya naɗe tabarmarsa ya ce shi fa bai taɓa shigowa gidan nan ba. Ban ga laifinsa ba, ya yi iyakar nasa. Gwaggo ta ce a jira, ƙila yaƙin ya ƙare gobe ko jibi. Na dubi Inna, leɓunanta sun tsattsage, idonta ya faɗa ciki. Ba ta da jibi.

Duk muka juya ga Baba, don wuyansa ne. Ya shiga ɗakin, ya sunkuci Inna da hannuwan nan nasa shuɗaye, ya fito da ita tsakar gida, ya jingina ta da turmi, fuskarta wajen arewa. Sannan ya shiga ya sako babbar rigarsa ta Juma'a, ya yi alwala, ya je ya zauna a zaure ya bar ƙofa a buɗe.

La'asar ta yi, igwa ta ɗauke. Tsohuwar ta ciro 'yar sarewar daga cikin ɗamararta, ba ta fi tsawon yatsa ba. Ta tsaya bayan Inna ta busa.

Ba wani kiɗa mai daɗi ba ne. Murya ce siririya, ta hau sama, ta tsaya, ta gangaro, kamar mace tana kiran yaro daga tsallaken rafi. Cikin shirun nan ji na yi kamar duk Garwa ta ji ta. Karnuka suka ɗauki haushi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga ta dafe ƙirji ta koma. Tsohuwar ta sake busawa. Inna ba ta motsa ba. Zuciyata ta ce mun kashe Baba a banza.

Ta ci gaba da busa. Na ji takalma daga nesa, wannan karon gudu suke, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Gwaggo ta ce, "A daina! Don Allah a daina!" Na riƙe hannunta na ce wa tsohuwar, "Busa, Dada." Ban san inda na samo wannan taurin zuciya ba, ina jin muryar soja a ƙofar zaure ina cewa a busa.

Sai kan Inna ya juya. A hankali, kamar mai neman ta inda ake kiran ta. Haɓarta ta ɗaga. Bakinta ya buɗe, wata 'yar ƙara ta fito, irin amsar da yaro ke yi daga nesa. Tsohuwar ta busa, Inna ta amsa. Hawaye ya gangaro mata, na farko tun ranar kogi.

A zaure kuwa ina jin tafintan sojojin yana tambaya wa ya yi busa. Na ji muryar Baba, a natse kamar yana ciniki a karofi, wajen rininsa: "Gidana ne. Ni na sa. Matata ce ba lafiya. Mu je." Ɗaya daga cikin sojojin ya leƙo tsakar gida, ya ga tsohuwa da guntun kara a hannu, ga wata mata duk ƙasusuwa jingine da turmi tana kuka. Ya fizge sarewar ya taka ta da takalmi. Suka tasa Baba a gaba. Ban ko raka shi ƙofa ba, domin a daidai lokacin Inna ta kama zanena ta faɗi wata kalma da ban taɓa ji ba.

Tsohuwar ta ce, "Ruwa take so."

Ta sha da kanta, hannunta biyu riƙe da ƙwarya. Kafin magariba ta sha kunu.

Baba ya sha bulala a bariki, suka sa shi haƙar rami tare da sauran kamammu, harsashi yana faɗuwa kusa da su. Allah ya sa kwanan Jamus a garin ya zo ƙarshe. Ba a jima ba suka miƙa wuya, aka buɗe wa kamammu ƙofa. Ya dawo rigar Juma'ar a manne da bayansa, sai da muka jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ta ci abinci?" Na ce ta ci. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta ya yi mata sannu. Ta dube shi da kyau, ta taɓa hannunsa, ta amsa masa da harshen dutse. Ya juyo ya dube ni, na girgiza kai. Ya ce, "To. Alhamdu lillahi."

Inna ta warke. Ta koma daka da shara, ta yi ƙiba, ta goya jikarta. Amma Hausa ba ta dawo bakinta ba. Tana jin duk abin da muka ce, tana salla da karatunta daidai, sai dai in za ta yi magana harshen yarintarta ne ke fitowa. Unguwa ta yi ta surutu. Waɗanda suka so kira na 'yar baiwa sun kira, na kuwa ba su amsar da ba su sake ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne uwata tana zaune kusa da ni tana ta zuba, tana dariya ita kaɗai, na san tsokana ce take yi, ban san me take cewa ba. Kishin tsohuwar nan mai itace ya kama ni, ita ce kaɗai ke mayar mata.

Sai na ajiye girman kai na ce ta koya mini. Harshe ne mai wuya, bakina ya ƙi lanƙwasuwa. Na daɗe ina maimaita 'yar magana ɗaya a hanyar kogi kafin na yarda da kaina. Wata rana suna zaune su biyu suna ɓarar gyaɗa, na durƙusa gaban Inna na ce mata da harshensu, "Inna, ni ce 'yarki."

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta maimaita yadda na faɗa, ta gyara mini, ta sa na sake. Sannan ta kama fuskata da hannu biyu ta yi wata doguwar magana, dariyar ta tafi. Na juya ga tsohuwar.

Tsohuwar ta ce, "Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar da ta haife ki take son ta yi miki magana da wannan bakin."